Wuta a Hannun Likita: Hukuncin Ƙona Jijiya Don Tsayar da Jini a Tiyatar Kansar Baki

Tiyatar kansar baki aiki ne da ake yi cikin jini. Harshe, dasashi, ganɗa, leɓe da cikin kunci suna cikin sassan jiki mafi yawan jijiyoyin jini. Jinin da ke ciyar da su yana tasowa ne daga babbar jijiyar gefen wuya, wadda ke rarrabuwa ta ba harshe reshe, ta ba fuska reshe, ta ba muƙamuƙi nasa. Likitan da zai cire ƙari a irin wannan wuri dole ya yanka cikin lafiyayyen nama, kuma kowace yanka da jininta. Kusan duk kayan aikin da aka ƙera cikin shekaru ɗari da suka wuce don rage wannan zubar jini da zafi suke aiki, ko na lantarki, ko na hasken leza, ko na ƙarfe mai karkarwa da sauri. Abin da suke yi shi ne ƙona bakin jijiya ta toshe. Daga nan ne tambayar addini take tasowa, domin akwai hadisai ingantattu da suka hana magani da ƙuna, wato kayyu, wanda a ƙasar Hausa ya haɗa da lalas da sakiya. Musulmin da aka shirya yi wa aiki a harshe yana da haƙƙin ya san ko wannan hani ya shafi na'urar da ke hannun likitansa, idan kuma bai shafe ta ba, mene ne ya saura na hanin a yau.

Ƙiyasin hukumar binciken kansa da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2022 kimanin mutum 390,000 ne suka kamu da kansar leɓe da ta cikin baki, kimanin 188,000 kuma suka rasu da ita. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na wannan ciwo yana farawa ne daga siririyar fatar da ta lulluɓe cikin baki. Manyan musabbabansa su ne taba, ta sha da ta tauna, da giya, sai kuma ƙwallon areka da ake taunawa a Indiya da maƙwabtanta, da garin tabar da mutanen Sudan ke kira tumbak, wanda ake dasawa tsakanin leɓe da dasashi. Yakan fara da ɗan gyambo ko farin tabo da ya ƙi warkewa. Idan dai ana iya cire shi, tiyata ce maganinsa na farko, kuma ƙa'idar aikin ita ce a cire ƙarin tare da kimanin santimita ɗaya na lafiyayyen nama kewaye da shi. Sau da yawa akan buɗe wuya a kwashe kaluluwar da ciwon kan gangara cikinta, wani lokacin a yanke wani sashe na ƙashin muƙamuƙi, sannan a ɗebo fata daga damtse ko ƙashi daga ƙafa a cike gurbin, a ɗinka ƙananan jijiyoyinsa da na wuya. Babban aiki irin wannan yakan ci awa takwas ko fiye.

Baligi yana da jini kimanin lita 5 a jikinsa, kuma a dogon aiki abin da ke zuba kaɗan-kaɗan yana taruwa ya zama mai yawa. Amma a baki matsalar ta wuce ta adadi. Baki ƙofar numfashi ce. Jinin da ya kwarara baya yana iya shiga huhu, wanda ya taru cikin naman harshe ko ƙarƙashin fatar wuya bayan aiki kuma yana iya kumbura ya toshe maƙogwaro cikin mintuna, shi ya sa a manyan ayyuka akan huda maƙogwaro tun farko a sa bututun numfashi. Sannan wurin aikin ƙuntatacce ne, cokali biyu na jini ya isa ya rufe shi. Likitan da ba ya gani sosai yana iya barin gutsuren kansa a gefen yankan, ko ya datse jijiyar da ke motsa harshe ko leɓen ƙasa. Saboda haka tsayar da jini a nan yana cikin sharuɗɗan cire ciwon gaba ɗaya.

Likitocin zamanin da sun san wannan matsala. Abul Ƙasim az-Zahrawi, wanda ya rayu kusa da Ƙurɗuba a Andalus ya rasu wajen shekarar 1013, ya keɓe juzu'i na ƙarshe na littafinsa At-Tasrif mai juzu'i 30 ga tiyata, ya kuma buɗe shi da babi 56 a kan magani da ƙuna. Ya fifita ƙarfe a kan zinariya, domin launin ƙarfe yana nuna wa likita iyakar zafinsa. A kan jinin da ke tsartuwa daga jijiya ya umarci ɗalibi ya fara danne wurin da yatsa, sannan ya zaɓi ɗaya cikin hanyoyi huɗu: ƙuna, ko datse jijiyar gaba ɗaya don bakunanta su janye, ko ɗaure ta da zare, ko zuba magani mai daskarar da jini a ɗaure da kyau. Game da kansa kuwa ya faɗi gaskiya cewa bai taɓa warkar da wadda ta girma ta daɗe ba, bai kuma ga wanda ya warkar ba, sai dai ƙarama wadda take inda za a iya tumɓuke ta duka. An fassara wannan juzu'i zuwa Latin a ƙarni na 12, Turawa suka yi ta karatunsa ɗaruruwan shekaru. Likitan Faransa Ambroise Paré ya daina zuba tafasasshen mai a raunin bindiga a 1537, bayan man ya ƙare masa a fagen yaƙi ya ga waɗanda bai ƙona ba sun fi samun sauƙi, daga baya ya koma ɗaure jijiya da zare wajen yanke gaɓa. A tsakiyar ƙarni na 19 likitocin Turai sun riƙa cire harshe mai kansa da sarƙa mai matsewa a hankali, ko da waya da batir ya zafafa har ta yi ja, duk don tsoron jini. Abin da ya kamata a riƙe shi ne kafin 1846, lokacin da aka nuna maganin sa barci a bainar jama'a a Boston ta Amurka, duk wannan ƙuna ana yinta ne mutum yana farke, ana danne da shi.

Kayan aikin yau sun samo asali ne daga 1926, lokacin da likitan ƙwaƙwalwa Harvey Cushing ya yi amfani da na'urar da William Bovie ya ƙera ya cire ƙari daga kan wani majinyaci wanda a baya jini ya tilasta masa dakatar da aikinsa. Na'urar tana tura lantarki mai kai-komo sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa guda, saurin da ya wuce wanda ke sa tsoka ta zabura. Lantarkin yana taruwa a tsinin alƙalamin da ke hannun likita, naman da ya taɓa ya yi zafi, sannan ya bi jiki ya fita ta wani faifai da aka manna a cinya. Daga ma'aunin zafi 60 nama yana fara dafuwa ya ƙanƙance, bakin ƙaramar jijiya ya rufe. A 100 ruwan cikin ƙwayoyin halitta yana tafasa su fashe, abin da ke ba da yanka ke nan. Sama da 200 nama yana gawayi. Akwai kuma hantsaki mai baki biyu, wanda lantarki ke bi daga baki ɗaya zuwa ɗaya ta cikin abin da aka kama kawai, shi ne abin da likitoci ke ɗauka idan suna aiki dab da jijiyar motsi ko ta ji.

Leza ta shigo tiyatar baki da maƙogwaro a farkon shekarun 1970. Haskenta ruwan cikin nama ne ke shanye shi, don haka tana yanka siriri tana toshe jijiyoyin da ba su kai rabin milimita ba, amma ba ta iya tsayar da babbar jijiya, kuma kusa da bututun oksijin tana iya haddasa gobara a maƙogwaro idan aka yi sake. A shekarun 1990 aka samu wuƙar Harmonic, wadda bakinta ke karkarwa sau 55,500 a daƙiƙa, gogayyar ta haifar da zafi mai sauƙi da ke yanka da toshewa lokaci guda, har jijiya mai faɗin milimita 5. LigaSure kuma tana haɗa matsi da lantarki ta narkar da bangon jijiya ya manne, har mai faɗin milimita 7. Nazarce-nazarcen da suka gwada waɗannan da tsohuwar hanya a aikin harshe da wuya galibi sun sami raguwar jini da gajartar lokaci, ko da yake tazarar ba ta da girma a hannun ƙwararre. Kuma har gobe babbar jijiyar harshe zare ake sa mata. Likitoci da yawa sukan fara nemo ta a wuya su ɗaure kafin su taɓa harshen, su ɗaga kan majinyaci, su yi allurar adirenalin a wurin, mai ba da maganin barci ya sassauta bugun jini, a kuma ba da maganin tiranezamik, wanda wasu ma'aurata masu bincike, Utako da Shosuke Okamoto, suka samar a Japan a farkon shekarun 1960, mai hana gudan jini narkewa.

Nassosin da suka zo a kan ƙuna suna da yawa, kuma a zahiri kamar suna karo da juna. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya ambaci waraka a cikin zuma da ƙaho da ƙunar wuta, sannan ya hana al'ummarsa ƙunar. A ruwayar Jabir ya nuna cewa shi kansa ba ya son a yi masa. A hadisin mutum dubu saba'in da za su shiga Aljanna ba hisabi, ɗaya daga siffofinsu ita ce ba sa neman a yi musu ƙuna, suna dogara ga Ubangijinsu. Imrana ɗan Husaini ya ruwaito hanin, ya ƙara da cewa su sun yi kuma ba su ci nasara ba. A ɗaya ɓangaren, Muslim ya ruwaito cewa da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu a jijiyar hannu ranar yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan hijira, Annabi da hannunsa ya ƙone wurin da bakin kibiya, da ya kumbura ya sake. Ya kuma aika wa Ubayyu ɗan Ka'abu likita, wanda ya yanke masa jijiya sannan ya ƙone ta. Tirmizi ya ruwaito ƙunar da aka yi wa As'adu ɗan Zurara, Imam Malik kuma a Muwaɗɗa ya kawo cewa Abdullahi ɗan Umar ya yi ƙuna saboda karkacewar fuska.

Malamai ba su ɗauki wannan a matsayin saɓani na gaske ba. Ibn Ƙutaiba, wanda ya rasu a 276 bayan hijira, ya raba ƙuna gida biyu: wadda ake yi wa lafiyayye don kada ya yi ciwo, ita ce ke cin karo da tawakkali, da wadda ake yi wa rauni da ya ruɓe ko gaɓar da aka yanke, ita kuwa magani ce. Khaɗɗabi ya jawo hankali ga yadda Larabawa suka girmama ƙuna har suna ganin ita ce ke tumɓuke ciwo, wanda ba a yi wa ba zai halaka, sai aka hana su a kan wannan ƙudurin. Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'ad ya tattara hadisan gida huɗu, aikatawa da rashin so da yabon wanda ya bari da hani, ya ce aikatawa na nuna halasci, rashin so ba ya nuna haramci, yabo na nuna bari ya fi, hani kuma ko dai na karhanci ne ko kuwa ya shafi ƙunar da babu buƙatarta. A mazhabar Malikiyya, Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ɗaliban zaure ke karantawa tun suna ƙanana, ta sa ƙuna cikin magungunan da babu laifi a kansu, tare da shan magani da tsaga jijiya.

Wanda ya duba misalan da aka aikata zai lura da wani abu: mafi ingancinsu, na Sa'adu da na Ubayyu, duka na toshe jijiya ne mai zubar da jini. Wannan shi ne nau'in ƙunar da amfaninsa yake bayyane ga ido, jini yana zuba, an ƙona, ya tsaya. Ya bambanta da ɗora ƙarfe mai zafi a cikin yaro saboda saifa, ko a goshi saboda ciwon kai, inda tsakanin ƙunar da warakar babu komai sai zato da gado. Har ila yau abin da Nana Faɗima ta yi ranar Uhudu yana nuna yadda aka ɗauki lamarin da muhimmanci, domin da ta ga ruwa yana ƙara wa raunin fuskar mahaifinta jini, ta ƙone guntun tabarma ta shafa tokar, jinin ya tsaya. Ke nan aikin da alƙalamin lantarki ke yi a harshe ya faɗa cikin nau'in da aka halatta tun farko, ba sai an nemo masa sabuwar kafa ba. Kuma Sa'adu daga baya rauninsa ya ɓalle ya rasu, abin da ke nuna cewa halascin magani bai rataya a kan lallai sai ya yi nasara ba.

Wasu sukan kawo wata amsa mafi sauƙi, su ce ai lantarki da leza ba wuta ba ne, don haka hadisin bai ma shafe su ba. Wannan amsa tana da rauni. Naman da ya ƙone bai san ko garwashi ne ya ƙone shi ko lantarki ba, hayaƙin da ke tashi a ɗakin tiyata hayaƙin nama ne, kuma shari'a ba ta gina hukunci a kan canjin suna. Abin da ya fi ƙarfi shi ne duba dalilan da malamai suka ambata wa hanin, a ga ko suna nan. Na farko azaba ce mai tsanani, wadda ta yi kama da azabtarwa da wuta, abin da aka hana ɗan Adam ya yi wa ɗan'uwansa. Wanda aka sa barci ba ya jin komai lokacin aikin. Na biyu haɗari ne mai yawa a kan amfani maras tabbas, alhali yau ana auna ƙarfin na'ura, ana sanin zurfin da zafin zai kai. Na uku ƙudurin cewa wutar ce mai warkarwa da kanta. Wannan kam bai dogara da na'ura ba, a zuciya yake, kuma mutum na iya ƙudurta shi game da leza kamar yadda kakansa ya ƙudurta game da ƙarfen wanzami. Majinyacin da ya ji an ce asibiti kaza yana da leza ya sakankance cewa shi da mutuwa sun raba hanya ya faɗa cikin abin da aka hana, ko da aikin kansa halal ne.

Akwai kuma hadisin da ya hana yi wa dabba lalas a fuska, wanda wani zai iya cewa ɗan Adam ya fi cancanta da shi, baki kuwa a fuska yake. Amma wancan hani a kan tambarin mallaka ne da ke ɓata halitta ba tare da larura ba, alhali ana iya yin sa a cinya. Kansa ba ta ba da zaɓin wuri. Inda take nan za a bi ta.

Maganar mutum dubu saba'in ita ce ta fi damun masu tsantseni, domin ko abu ya halatta suna tsoron ya rage musu daraja. A nan akwai lura biyu. Lafazin hadisin yana magana ne a kan masu neman a yi musu ƙuna a matsayin magani, majinyacin tiyata kuwa cire ƙari ya je nema, ƙona jijiya hanya ce da likita ya bi don kada jini ya kashe shi kafin a gama. Sannan da a ce toshe jijiya da zafi yana rage tawakkali, da ba a yi wa Sa'adu ba, mutumin da hadisi ya tabbatar Al'arshi ya girgiza saboda rasuwarsa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na bakwai a Jidda cikin 1992, ta bayyana cewa hukuncin neman magani yana sauyawa da hali, kuma yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halakar rai ko gaɓa ko nakasa. Jijiyar harshe da ke tsartuwa ba ta barin wata shakka game da wane hali ake ciki.

Bayan duk wannan, kuskure ne a ɗauka hanin ya zama tarihi. Abin da ya saura nasa shi ne awo. Ƙa'idar fiƙihu ta ce ana ɗaukar cuta ƙarama don kauce wa babba, Izzuddin ɗan Abdussalam ma ya buga misali da yanke hannun da ya ruɓe don ceton rai, amma wata ƙa'idar ta ce abin da aka halatta saboda larura gwargwadon larurar ake yinsa. Ƙuna ɓarna ce ko da ta halatta, kuma a baki ɓarnar tana da tsada. Zafi yana bazuwa gefe ya kashe naman da ba a nufa ba, ya jinkirta warkewa, ya ƙara tabo mai ɗaure harshe. Bakin wuƙar Harmonic yakan ci gaba da zafi bayan an saki maɓalli, idan ya goga jijiyar motsi harshe na iya shanyewa gefe guda. Mafi muni, gefen naman da aka cire shi ake kai wa likitan gwaji ya duba da madubi ko an bar kansa a baya, ana son tazarar aƙalla milimita 5 mai tsabta. Idan gefen ya yi gawayi ko ya ƙanƙance, karatun yana rikicewa, sai ko dai a yi wa mutum gashi da haske wanda bai buƙata ba, ko a sallame shi da ragowar ciwo. Shi ya sa likitoci masu kula sukan rage ƙarfin na'ura, wasu su yanka saman da wuƙa mai sanyi, su bar zafi ga inda jini ke fita kawai.

Shari'a tana da ma'auni na darajar wannan gaɓa. A babin diyya, harshe shi kaɗai diyyar rai cikakkiya gare shi, kuma Malikiyya sun ce ko sashe aka yanke, idan ya hana magana, diyya cikakkiya ce. Da shi ake karanta Fatiha, da shi ake kalmar shahada, da shi ake haɗiye abinci, da shi uwa ke kiran ɗanta. Kowace milimita da aka ƙone ba dole tana iya zama harafin da mutum ba zai ƙara furtawa daidai ba. Rashin son da Annabi ya nuna wa ƙuna, a ɗakin tiyata, ya koma ɗabi'ar da ake nema ga likita: ya ɗauki na'urar yana ganin nauyinta, ya ajiye ta da zarar zare ko danna yatsa zai wadatar.

Dole kuma a auna ƙunar da abin da zai maye gurbinta, wato ƙarin jini. Alƙur'ani ya haramta jinin da aka kwararar a Suratul An'am, ya kuma ɗauke laifi ga wanda larura ta kama a Suratul Baƙara, a kan haka malaman wannan zamani suka halatta ƙarin jini. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta ƙara da cewa ba ya haramta aure kamar shayarwa, kuma sayar da jini bai halatta ba, sai dai wanda ya rasa mai ba shi kyauta babu laifi ya biya. Halal ne, amma yana da nasa haɗarin na cututtuka da rashin dacewa, kuma jinin ba ya wadata. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna ana ba da gudummawar jini sau 31.5 cikin kowane mutum dubu a ƙasashe masu arziki, sau 5 kacal a matalauta. A asibitocin Nijeriya da Nijar dangi ake tarawa su ba da jini kafin a sa ranar aiki, kuma ledar da aka tanada wa mai kansa ita ce wadda mai haihuwa za ta iya buƙata da tsakar dare. Na'urar da ke tsotse jinin da ya zuba ta wanke ta mayar wa mai shi ba a cika amfani da ita a baki ba, saboda jinin ya gauraya da yawu da ƙwayoyin kansa. Don haka likitan da ya rage zubar jini ya kare majinyacinsa, ya kuma bar jini ga wani.

Ga Shaidun Jehobah lamarin ya fi haka tsanani. Tun 1945 suka ɗauki matsayin cewa umarnin guje wa jini da ke cikin Littafin Firistoci da Ayyukan Manzanni ya haɗa da ƙarin jini, don haka a wurinsu waɗannan kayan aiki su ne ke sa tiyatar ta yiwu ko kaɗan. Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke a 2001, a shari'ar Okonkwo, cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin ƙarin jini saboda imaninsa, a 2019 kuma, a shari'ar Esabunor, ta tabbatar cewa kotu na iya ba da umarnin ƙara wa yaro jini ko iyayensa sun ƙi. Dabaru da yawa na tattalin jini da aka inganta don yi wa mabiya wannan ɗariƙa aiki yanzu kowa na cin moriyarsu.

Saura maganar kuɗi da ƙwarewa. Bakin Harmonic da na LigaSure an ƙera su ne a yi aiki ɗaya da su a jefar, kuma kuɗinsu a kan majinyaci yake faɗawa a inda babu inshora. Idan zare da hantsakin lantarki za su kai ga sakamako iri ɗaya da ƙarin rabin awa, ɗora wa iyalin da suka sayar da gona kuɗin na'ura mai tsada yana buƙatar hujja ta likitanci, kuma ya kamata a faɗa musu gaskiya cewa na'urar tana rage jini ne, ba ta ƙara tabbacin warkewa daga kansa. Idan kuwa majinyacin mai ƙarancin jini ne, ko rukunin jininsa mai wuyar samu ne, ko ƙarin yana can tushen harshe inda hannu ba ya kaiwa, hujjar ta samu. Hadisin da Abu Dawud da Nasa'i suka ruwaito ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi likitanci ba a san shi da shi ba, malamai kuma suka fitar cewa ƙwararren da aka ba izini bai ƙetare iyaka ba babu lamuni a kansa. Ƙwarewa a nan ta haɗa da sanin na'urar kanta, domin faifan cinya da ba a manna daidai ba yana ƙone majinyaci a wurin da babu ciwo, kuma wannan sakaci ne.

Iznin majinyaci sharaɗi ne, kamar yadda ƙudurin Jidda ya tabbatar, sai a halin gaggawa da rai ke cikin haɗari. Izni kuwa ba ya inganta sai da bayani: nawa za a cire na harshe, yaya magana da haɗiya za su kasance, za a buƙaci jini ko a'a. Akwai kuma wanda ciwonsa ya wuce cirewa, wanda galibi ya iso ne bayan watanni yana shafa wa gyambon magani a gida. Shi ba a wajabta masa babbar tiyata ba, domin wajibcin magani yana tare da rinjayen zaton amfani. Amma irin wannan ƙari yakan ci jijiya ya ɓalle da jini, kuma a nan ana iya ƙone wurin, ko a ɗaure jijiyar a wuya, ko a toshe ta daga ciki da siririn bututu, ko a yi gajeren gashi, don a tsayar da jinin kawai. Hukuncin wannan ɗaya ne da na farko, ko da kowa ya san ba zai warkar da kansar ba, domin manufarsa kare sauran kwanakin mutum ne da hana shi shaƙewa da jininsa a gaban iyalinsa.